Shekara Bakwai Bayan Haladu, Zan Tafi In Bar Shi A Kuala Lumpur

A wannan watan mijina, Injiniya Haladu, ya cika shekara bakwai da rasuwa. Ba a Bichi yake kwance ba inda aka haife shi, ba kuma a Kano ba inda ya sa harsashin gida. Yana cikin jar ƙasar Malesiya, a wata maƙabarta da ke gefen Kuala Lumpur, tsakanin mutanen da bai haɗa kaka da ko ɗayansu ba. Duk shekara in watan ya zagayo, sadaka nake yi in ja bakina in yi shiru. Bana na ɗauki alƙalami ne don ita ce shekarar ƙarshe da zan yi kusa da shi. Izinin zamana a ƙasar nan a rataye yake da karatun 'yarmu Ummi, ita kuwa ta kammala. Cikin makon nan zan hau jirgi in koma gida, shi kuma yana nan.

Danginmu har gobe ba su san aikin da Haladu ya yi ba. In an tambaye su sai su ce yana tashar jirgin ruwa. Wani kawunsa ma ya rantse kwastan ne, ya daɗe yana fushi da shi wai ya ƙi fito masa da mota. Haladu kuwa ko kwantena ba ta gabansa. Nasa kayan su ne waɗanda suka ƙi shiga kwantena: taransifoma mai girman ɗaki da falo, injinan tashar lantarki, dogayen tukwanen matatar mai waɗanda in an kwantar da su sai su tare layi guda. Jirgin ruwa zai kawo su Port Klang, tashar da ke yamma da birnin nan, ƙugiya ta sauke su a bakin ruwa, daga nan sai kowa ya juya ya kalli Haladu. Shi zai faɗi ta inda za a bi da su har wurin da za a kafa su.

Karatu ne ya kawo mu, kamar kowa. An turo shi digiri na biyu, na biyo shi da Ummi tana 'yar mitsitsiya, ko firamare ba ta shiga ba. Shekara biyu aka ce za mu yi. Ko tukunyar kirki na ƙi saya, ina cewa me zan yi da ita. Yana gab da gamawa wani kamfanin dakon manyan kaya ya ɗauke shi gwaji, suka ga hannunsa, suka riƙe shi.

Kafin a motsa kaya sai ya bi hanyar da ƙafarsa. Yana da wata doguwar sandar awo, da ita yake auna tsayin kowace gadar sama da kowace wayar lantarki da ta gitta titi. Ya leƙa ƙarƙashin kwalbati ya ga ko za ta ɗauki nauyi ko sai an shimfiɗa mata farantan ƙarfe. Ya tsaya a kwana ya yi ta nazarin ko tirela za ta iya juyawa, ko sai an cire fitilar ba da hannu, ko a sare reshe. Yakan ce duk sanda aka sake zuba kwalta titi ya ƙara tudu, gada kuwa tana nan inda take, saboda haka awon bara ba na bana ba ne. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Encik Tak Boleh, wato Malam Ba Za Ta Yiwu Ba, don a ƙasar da kowa bakinsa ya saba da boleh, za ta yiwu, shi kaɗai ne mai girgiza kai. Sunan bai taɓa ɓata masa rai ba. Ni ma nakan kira shi da shi in na roƙi abu ya hana.

Sau ɗaya na taɓa ganinsa a bakin aiki. Wata Lahadi ce da safe, ya ce mu zo ni da Ummi mu tsaya a gefen hanya mu ga abin da ke hana shi cin abinci a gida. Muna tsaye sai ga baburan 'yan sanda, sai ga abin ya ɓullo a bayansu, taransifoma ɗaure da sarƙoƙi a kan tirela mai tayoyi birjik kamar ƙafafun shanshani. Tafiya take kamar ba ta so, ƙasa tana amsawa a tafin ƙafata. Mutane suka fito daga shagon mai shayi da kofunansu a hannu suna kallo. Can gaba ga mijina cikin rigar aiki mai ƙyalli da hular kwano, yana tafiya da baya da baya, hannu ɗaya a sama, ɗaya riƙe da oba-oba. Da suka iso wata gada ya dunƙule hannu, abin nan duka ya tsaya cik. Direba ya sassauto da tirelar ta ɗan durƙusa, suka shige a hankali, tsakanin kan taransifomar da cikin gadar bai fi a zura hannu ba. Ummi ta yi ta tsalle tana ihu. Ni kuwa kunya ce ta kama ni, irin wadda mace kan ji in an yabi mijinta a gaban jama'a, na ja mayafi na rufe baki.

Yana da ƙa'ida guda da ba ya karyawa ko wa zai yi fushi. Ba ya ɗaga kaya daga tasha sai ya je ya ga wurin da za a sauke su da idonsa. Na tuna wani inji da ya yi makonni a bakin ruwa saboda kankaren da aka zuba masa a can bai gama bushewa ba. Masu kaya suna kumfar baki, shugabanninsa suna lallashi, wayarsa tana ta ruri a gefen kwanon tuwo, shi ko gezau. Na ce, Baban Ummi, ka amsa musu mana ko ma ci abinci cikin kwanciyar hankali.

Ya ce, "Maman Ummi, wannan ba buhun shinkafa ba ne da za a jingine a zaure a ce gobe a shigar. In ya hau titi ba shi da wurin hutawa, ba ya kuma juyawa baya. Gara ya zauna inda yake har can ta shirya."

A ranar na yaba da maganar. Ban san mu ma a kanta za a ajiye mu ba. Haladu ya ɗauki ni da Ummi tamkar kayan da ba a ɗagawa sai masauki ya kammala. Ya sayi fili a bayan garin Kano ya fara gini, daga nan duk shekara sai ya ce baɗi. Da farko rufi ake jira. Da aka yi rufi ya ce unguwar ba ruwa, sai an haƙa rijiyar burtsatse. Sai maganar wuta ta taso, mutumin da ya kai wa garuruwan wasu taransifoma ba zai kai iyalinsa cikin duhu ba. Sai Ummi ta shiga ajin da ba a cire yaro, sai kuma aikin da zai yi in ya koma. In ya sami hutu shi kaɗai yake zuwa gida, wai ya dubo mana hanya, ya dawo da awon tagogi da labarin abin da ya rage. Na sha gaya masa, mu fa mutane ne, ko a kan tabarma ka sauke mu za mu miƙe mu yi shara. Sai ya yi dariya ya ce in ƙara haƙuri. Ban taɓa shakkar cewa don mu yake yi ba. Amma ina jin haushinsa a kan wannan har yau, kuma ba zan ɓoye ba don ya rasu.

Muna jira muna sayayya, yadda mutanenmu na nan suke yi. Ranar Asabar mu sauka daga jirgin ƙasa a Masjid Jamek mu taka zuwa shagunan Jalan Masjid India, in zaɓi yadin labule, a ɗinka daidai da awon tagogin da ban taɓa gani ba. Kwanukan tangaran, zannuwan gado, dardumomi, duk a kwali, a liƙe, a jera a ɗaki ɗaya na gidan hayarmu da ke Bukit Jalil. Mu kuwa muna cin abinci a kwanon roba. Ɗalibai su zo da matansu, mu saba, in yi musu wankan jego, su gama su tashi komawa, Haladu ne zai shirya musu kaya a kwantena, masu nauyi a ƙasa, ko kofi ba ya fashewa. Mu raka su filin jirgi, mu dawo gida a mota mu kaɗai. Ban san adadin matan da na yi wa rakiya ba. Daga baya na daina saurin sabo da mutum, don na gaji da kuka a filin jirgi.

Zazzaɓin dengi ne ya ɗauke shi, wanda sauro ke kawowa a nan, wanda yara ma sukan yi su tashi. Ya dawo daga duban hanya yana cewa ƙasusuwansa na ciwo, na ce gajiya ce. Mako bai zagayo ba aka kira ni gefe a asibiti. 'Yan'uwanmu na nan suka taru, Allah ya saka musu, wasu suka ce a kai shi gida ko ta halin ƙaƙa. Aka buga wa mahaifiyarsa, Inna, waya a Bichi. Ta ce, "Kada ku wahalar mini da ɗa a cikin akwati. Ai akwai Musulmi a can. Ku suturta shi yau." Aka yi masa salla a masallacin unguwa, Malayawa da Indiyawa da mutanenmu sahu-sahu, maza suka tafi da shi. Na tsaya a ƙofa na ga fitar makara, na ɗauka ganina da shi ke nan, don haka muka sani a gida. A wurinmu mace ba ta bin gawa, ba ta kuma zuwa maƙabarta.

Bayan na fita takaba sai ga Kak Ros, matar Pak Din, direban nan da ya durƙusar da tirela a ƙarƙashin gada. Ta zo da buta da ganye mai ƙanshi a leda ta ce in shirya mu je mu gai da Haladu. Na ce mata mu ba ma yin haka. Ta dube ni kamar na ce ba ma shan ruwa, ta ce, "Boleh, Rabi. Mijinki ne." Na bi ta ina ta istigfari a zuci. Muka tarar da mata a ciki, tsofaffi da 'yan mata, kowa a tsugune gaban nata, wasu na cire ciyawa, wasu na karatu. Ta kai ni gaban wani tudu mai duwatsu biyu, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, ga sunansa a rubuce. Na yi masa sallama.

Tun daga ranar Juma'ata ta zama tasa. In hau jirgin ƙasa da safe, in canja wani a tashar Titiwangsa, in ƙarasa da motar haya. Ban koyi zuba furanni irin nasu ba, hannuna ya ƙi. Ciyawa nake cirewa, don a ƙasar nan ruwa ba ya ɗaukewa, in ka yi sake mako biyu sai ta rufe duwatsun. In yayyafa ruwa, in yi masa addu'a, in zauna kaɗan. Na tambayi malamai, wasu suka ce ba laifi in babu kururuwa, wasu suka ɓata fuska, na riƙe maganar na farkon. Da dangi suka matsa in dawo, na ce karatun Ummi ne ya riƙe ni, kuma gaskiya ne. Na riƙa dafa tuwo da masa ina sayar wa ɗalibai muna rufa wa kanmu asiri. Amma rabin dalilin yana can ƙarƙashin duwatsun nan biyu. Da Inna ta rasu, ba ta sake ganin jikarta mai sunanta ba tun tana ƙarama, sai na ƙara gane abin da na samu a nan. Ita tana Bichi a cikin danginta, amma ko na koma ba wanda zai nuna mini inda take kwance, ni ma ba zan tambaya ba.

Wani lokaci a cikin jirgin ƙasa nakan tambayi kaina me Haladu zai ce da ya ga yau. Pak Din ya yi ritaya, da suka zo mana yawon Sallah yake ba ni labari wai yanzu ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi ake tayarwa ya ɗauko hoton hanya, kwamfuta ta auna gadoji mutum yana zaune cikin sanyi. Na san abin da zai faru. Zai yi tsaki, ya koyi abin cikin mako guda ya fi yaran iyawa, sannan ya ɗauki sandarsa ya je ya sake aunawa. Birnin ma ya canja masa. An ƙara gadoji a kan gadoji, hanyoyin da ya haddace an karkatar da wasu, sai ya sake bin su daga farko, kuma na san da daɗi zai yi. Labarin gida ne ban san yadda zai ɗauka ba. In an ce masa an gina sabuwar tashar ruwa a kudu, ba zai yi murna da wuri ba, zai tambaya ne ko an gyara gadojin da ke tsakaninta da Kano. Gidansa kuwa yana nan yadda ya bar shi, akwai rufi babu tagogi, awakin maƙwabta ne ke kwana a falon. A gidan yayana zan sauka tukuna.

A watan jiya na buɗe kwalayen. Damshin ƙasar nan ya riga ni. Zannuwan gado sun yi fumfuna, dardumomi suna wari, na zubar da fiye da rabi, sauran na raba wa amaren ɗalibai waɗanda ke kirana Mama, waɗanda ban gama riƙe sunayensu ba. A kwalin ƙarshe na sami labulen ɗakin Ummi, ruwan hoda mai zanen 'yan tsana da balan-balan. Mai ɗakin tana tsaye a kaina da katin wurin aiki a wuya, ta fi ni tsawo. Ta ɗaga labulen ta yi dariya, dariyar ta ƙare da kuka, ni kuma na shiga kicin na kunna famfo.

Ummi ba za ta bi ni ba. Ta sami aiki a wani kamfani nan Bukit Jalil, sun yi mata takardar zama, za ta koma gidan Kak Ros. Na san abin da za a ce a gida, an bar budurwa a ƙasar wasu, na kuma shirya jin sa. Na yi mata faɗa, na yi lallashi. Ta ce, "Mama, ni wa na sani a can? I don't even know the road to our house lah." Ko hanyar gidan ubanta ba ta sani ba, kuma ba laifinta ba ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, tun da aka binne shi Ummi ba ta taɓa taka maƙabartar nan ba. Duk sanda na ce ta zo mu je sai ta ce ba za ta iya ba, ta shige ɗaki. Na daina tambaya. Sai na riƙa kwana da tunanin ciyawa, yadda za ta hau duwatsun a hankali har sunan ya ɓace, a wuce shi ba mai sallama.

In an tambaye ni me Haladu ya bari, ba ni da abin nunawa da yawa. Kayan da ya kai suna can a bayan shingaye suna ta aiki, ba sunansa a jikin ko ɗaya, kuma masu kunna fitila a garuruwan nan ba su san wani mutumin Bichi ya taɓa tafiya da baya a gaban wutarsu ba. Pak Din ya ce duk tsawon aikinsu tare kaya bai taɓa gogar gada ba, ba a kuma taɓa kai wani ma'aikacinsa asibiti ba, kowa ya koma wurin iyalinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, na riƙe shi. Ya bar mini gida marar tagogi, da 'ya mai irin taurin kansa, da shekarun da ban taɓa kwana da yunwa ko fargaba a cikinsu ba. Taka-tsantsan ɗin da ya tsare mutanensa a titi shi ne ya hana mu gida. Na auna na sake aunawa, na kasa raba su, don mutum ɗaya ne.

Juma'ar da ta wuce ita ce ta ƙarshe. Ina sa takalmi sai na ga Ummi ta fito da mayafi, muka fita tare. A jirgi ta zauna tana kallon taga. Da muka isa ta tsaya nesa kaɗan, na tsuguna na cire ciyawar tas har da saiwa, na wanke duwatsun. Na roƙi Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya haskaka shi, ya yafe masa, ya sauke shi a masaukin da ba sauran abin gyara a cikinsa. Na gaya masa zan tafi.

A bakin ƙofa akwai wani dattijo mai kula da wurin da ake kira Pakcik, wato Kawu, wanda yake cika mini buta. Ya karɓi butar yana murmushi, ya tambaye ni da harshensu, "Jumaat depan, Kak?" Wato sai Juma'a mai zuwa? Na buɗe baki zan gaya masa gaskiya. Sai na ji muryar Ummi a bayana.

"Ni zan zo, Pakcik. Ka nuna mini inda ake ɗiban ruwan."

Ya ja ta suka nufi famfo. Ni kuwa na fita titi na tsaya ina jiranta, na ba maƙabartar baya. Ban juya ba, don na san in na juya jirgin nan zai tashi babu ni.